Gashin Tunkiya a Haƙorin Mot

Tun kafin Tegid ya zo, Emrys ya san zai zo.

Da safe ya fito zai ba karnuka abinci, sai ya tarar da sarƙar Mot yashe a ƙasa, zoben da ke riƙe da ita ya buɗe baki. Karen yana kwance a ƙofar ɗakin ciyawa, jiƙe sharkaf har ciki, yana haki kamar wanda ya wuni aiki, alhali rana ba ta gama fitowa ba. Emrys ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kama muƙamuƙin karen ya buɗe. Gashin tunkiya ne cushe a tsakanin haƙoran ciki. Ya sa yatsa ya zaƙulo shi sili-sili, sai ga shuɗin fenti a jikin wani silin. Tumakin Hafod, gonar Emrys, jan fenti ake shafa musu a kafaɗa. Shuɗi kuwa na Tegid ne, maƙwabcinsa na gonar Pant.

Ya dunƙule gashin ya tura a aljihun rigar ruwansa. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya wanke wa karen ƙirji, inda farin gashinsa ya rine. Mot ya riƙa lasar hannunsa. Emrys bai tsawata masa ba, bai kuma shafa kansa ba. Ya matse zoben da filaya, ya mayar da shi kan sarƙa, ya miƙe yana dafa bango.

Karnuka biyu ne a Hafod, uwa da ɗanta. Nel ce uwar. Ta tsufa, kunnenta ya tafi, fito ba ya isa gare ta sai dai a yi mata alama da hannu. An daɗe da daina ɗaure ta, don ba inda take zuwa. Daga bakin murhu sai ɗakin ciyawa. Mot shi ne autanta, kuma kamarsu ɗaya sak: baƙi, da farin wuya, da farar ƙafar gaba guda. Daga nesa ba mai raba su sai a gudu. Shi ne ƙafafun Emrys tun da nasa suka fara ƙi. A tura shi bayan tsauni, inda ido ba ya kaiwa, ya tattaro tumaki ya kawo su har gaban maigida ba tare da an sake ce masa uffan ba. Emrys ya yi karnuka da yawa a rayuwarsa, amma irin wannan bai wuce ya yi biyu ba, ɗayar kuwa ita ce uwarsa.

Ga kaka ta yi nisa. Ciyawar tsauni ta koma ja, ganye ya cika lambatu, ruwa kullum yana tsiyaya kamar ba zai gaji ba. Kwanaki kaɗan suka rage a hau tsauni a gangaro da tumakin kwarin gaba ɗaya, a ware na kowa, kafin a sake musu raguna. Kowace gona takan fitar da mutum da kare. Wanda ba shi da karen hawa, maƙwabta za su sauko masa da nasa, ba wanda zai ce komai, amma kowa ya san ta ƙare masa ke nan. Ɗan Emrys guda ne, yana birni, kuma ya riga ya faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa ba zai dawo bin tumaki ba.

Wajen hantsi aka ji babur ɗin Tegid mai ƙafa huɗu ya tsaya a tsakar gida. Ya cire takalman robarsa a bakin ƙofa, ya shigo kicin yana murza hannu. Ƙato ne, ya haura arba'in, amma a gidan nan ya koyi cin burodi da man shanu, don mahaifinsa marigayi aminin Emrys ne.

“Sannu da gida, Gwaggo,” ya ce wa Menna, matar Emrys. “Har yanzu kina fama da wannan tsohon?”

“To ya zan yi? Na kai shi kasuwa tare da tsofaffin tumaki, suka buɗe bakinsa suka ce haƙora sun ƙare, ba wanda ya taya.”

“Ai da kin haɗa da sandarsa, ita ko an saya.”

“Ka gama?” in ji Emrys. “Zauna kafin ka rushe mana ƙofa da wannan cikin naka.”

Menna ta zuba shayi. Aka taɓa zancen ruwan sama, aka taɓa na ciwon kofato, aka yi wa sabon ragon da wani maƙwabci ya sayo dariya, wai ƙafafunsa kamar na teburi. Tegid ya ci yanka biyu na burodi. Sai da ya share ɓarɓashin da ke gabansa da gefen hannu, sannan ya yi magana, idonsa a cikin kofi.

“Yau na tashi da ɓarna, Baba. Tumaki biyu a bakin rafin sama. Ɗaya na tarar ta riga ta mutu. Ɗayar kuwa ni na ƙarasa ta, don ba abin da ya rage a wuyanta da za a ɗinke.”

“Ashsha,” in ji Menna a hankali.

“Gwenno ce ta hango kare daga tagar sama,” ya ci gaba. Gwenno matarsa ce. “Baƙi, da farin wuya. Ta ce a hankali yake gangarowa, yana jan ƙafa. Kamar dai tsohon kare.” Ya juya kofin a kan teburi. “Ina tsohuwa Nel? Har yanzu ba a ɗaure ta?”

“Ba a ɗaure ta,” in ji Emrys.

“Allah sarki. Tsufa ba abin da ba ya sa dabba.” Ya miƙe. “Gwaggo, na gode da shayi. Naki ya fi na gidana, amma kada ki faɗa.”

Ya tafi. A kwarin nan haka ake yi, tun kakanni. Ba a cewa mutum karenka ya kashe mini tunkiya. Zuwa ake yi a sha shayi, a ba da labari kamar na wani gari, a koma gida a kasa kunne. In an ji bindiga kafin faɗuwar ranar gobe, aka kuma wayi gari da abin wuyan kare rataye a ƙofar shingen mai tumakin, magana ta mutu, ba a sake tayar da ita har abada. In ba a ji ba, nan ma ba a tayarwa. Sai dai daga ranar gaisuwa takan gajarce, kuma ranar hawan tsauni ba wanda zai tsaya kusa da kai.

Menna ta kwashe kofuna ta sa a ruwa. Ta daɗe tana wanke kofi guda.

“Na gan ka ta taga da safe,” ta ce, ba ta juyo ba. “Da bokiti.”

Ta ajiye kofin, ta ci gaba.

“Ka ji abin da yaron nan ya ce. Tsohon kare, ya ce.”

“Mot ne ya gaji. Wanda ya kwana yana bin tumaki dole ya ja ƙafa.”

“Na sani. Kai ma ka sani. Gwenno kuwa ba ta sani ba.” Ta juyo tana goge hannu da tsumma. “Emrys, ni ba muguwa ba ce, kada ka yi mini wannan kallon. Ni na shayar da Nel madara da cokali lokacin da uwarta ta ƙi ta. Amma me likitan dabbobi ya ce da ya taɓa ƙullutun da ke cikinta? Ya ce ba za ta ga bazara ba. Kai da bakinka ka ce kafin sanyi ya yi tsanani za ka hutar da ita. To, yau ne ko wata mai zuwa, harsashin dai guda ne.”

“Ba guda ba ne.”

“A wurinta guda ne. Ita ta san me ake cewa a kanta? Kare ne fa, ba ta da suna a coci.”

“Shi kuma fa?”

“Sarƙa sabuwa. In ka ga dama biyu. Ba zai sake taka waje ba sai kana tsaye a kansa.” Muryarta ta sauka. “In babu Mot babu tsauni, in babu tsauni babu Hafod. Ina za mu? Gidan bene a birni, kana leƙen motoci ta taga? Wata uku ba za ka yi ba.”

 Ta ɗauki kwandon ƙwai ta fita.

Emrys ya wuni yana ƙananan ayyukan da ba su da gaggawa. Ya gyara ƙyauren garke, ya share lambatu, ya yanke wa raguna kofato. Duk inda ya juya maganar tana biye da shi. Ya auna ta ta nan, ya auna ta ta can, bai ga inda Menna ta yi kuskure ba, kuma abin da ya fi damunsa ke nan. Tegid zai samu abin wuya a ƙofarsa. Za a ba shi tumaki biyu a madadin nasa, kamar yadda aka saba. Nel za ta huta da ciwon da ke hana ta kwanciya a gefe guda. To wa aka cuta? Ya nemi wanda aka cuta ya rasa. Amma duk lokacin da ya kai ƙarshen lissafin, sai ya sake komawa farkonsa.

Washegari ruwa ya ɗan tsagaita. Ya ɗauki shebur da diga ya hau gonar sama, can ƙarshe inda katangar duwatsu ta raba ƙasar Hafod da tsauni. Akwai wata bishiyar ƙaya a nan, iska ta karkatar da ita, 'ya'yanta jajaye sun nuna. A gindinta ake binne karnukan Hafod. Na mahaifinsa suna nan, nasa ma suna nan, har da uwar Nel. Ya haƙa rami a gefensu. Ƙasar ta yi laushi saboda ruwa, duk da haka sai da ya huta sau da yawa, yana dogara da shebur yana jiran numfashi ya dawo.

Sai da ya gama ya tuna. Karen da ya kashe tunkiya ba a binne shi a gindin bishiyar nan. Bayan katanga ake kai shi, a ɓangaren tsauni, a danne da duwatsu saboda dila, ba alama ba komai. Hanyar hawan tsauni kuwa ta gefen katangar nan ta bi. Duk mutanen kwari za su wuce ta nan ranar gangaro da tumaki, kuma duk wanda ya leƙo ya ga sabuwar ƙasa a gindin bishiya zai gane. In ana so a yarda, dole Nel ta kwanta a waje.

Ya tsaya yana kallon ramin da ya haƙa. Can ya jefa shebur da diga bayan katanga, ya zagaya ta ƙofar shinge, ya fara wani. Nan ƙasar duk tsakuwa ce. Kafin ya gama, tafin hannunsa ya yi ƙuna, bayansa ya riƙe.

Ya sauko gida ya ɗauko bindiga a bayan ƙofa. Menna tana fere dankali, ba ta ɗaga kai ba. Nel tana kwance a bakin murhu. Ya taɓa ta da ƙafa, ya nuna mata ƙofa da hannu. Ta miƙe a hankali, baya tukuna sannan gaba, ta bi shi tana kaɗa jela, don ta daɗe ba a ce mata zo mu je ba. Da suka wuce ta gaban ɗakin ciyawa, Mot ya miƙe ya ja sarƙarsa har ƙarshe.

Hawan ya ɗauke su lokaci. Shi yana tsayawa, ita ma tana tsayawa. A tsakiyar gona wasu 'yan tumaki suka ɗago kai, sai ga Nel ta sunkuyar da kafaɗa, ta kafa musu ido kamar da, ta waiwayo tana jiran umarni. Ya girgiza mata kai. Ta saki jiki ta biyo shi.

A bakin ramin waje ya tsaya. Ya ɗaga hannu, ya saukar da tafinsa ƙasa, alamar kwanta. Ta kwanta nan take a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, haɓarta a kan ƙafafunta, idonta a kan hannunsa. Haka ya koya mata, haka kuma ya koya wa duk karen da ya taɓa yi: in an ce kwanta, a kwanta, ko me ke tafe. Ya karya bindigar ya sa harsashi. Yatsunsa sun sandare da sanyi, sai da ya hura musu iska.

Daga nan ana hango tsakar gidan Hafod a ƙasa. Ya ɗaga ido, ba don komai ba sai don kada ya kalli Nel, sai ya hango Mot. Karen da aka bari a ɗaure, ubangidansa ya fita da wani, haushi yake yi, ya yi ta tsalle yana kallon inda aka bi. Mot ya saba yin haka har sai Menna ta fito ta daka masa tsawa. Yau ba ya haushi. Ba ma tudun yake kallo ba. Ya juya baya ga hanyar da suka bi, ya miƙe sarƙar ta ɗaya gefen, ya lafe a ƙasa shiru, yana kallon raguna ta tsakanin sandunan garke.

Emrys ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya ya kalli tsauni. Gajimare ya sauko ya rufe doronsa. Can bayan doron akwai wani kwazazzabo mai zurfi inda tumaki suke son fakewa, kuma shekara da shekaru rabon Hafod ne ta share shi. Emrys ya daina iya leƙa shi tuntuni. A gindin doron yakan tsaya, ya yi fito guda, Mot ya haura ya ɓace, shi kuma ya jingina da sanda ya jira. Tumakin kowa suna can, ja da shuɗi da kore, ba mai gani sai Allah. Amfanin Mot ke nan gaba ɗaya. Karen da sai kana tsaye a kansa ba karen tsauni ba ne. Sarƙa ta iya tsare shi a gida, amma aikin da ake so a cece shi dominsa, aikin bayan ido ne.

Ya ga kansa tsaye a gindin doron, ya yi fito, karen ya ɓace. Ya ga kansa yana jira, yana kasa kunne, Tegid yana can gefe yana ɗago masa hannu. Bana haka, baɗi haka, muddin rai.

Ya cire harsashin ya mayar aljihu, inda gashin tunkiyar yake. Ya yi wa Nel alamar tashi.

Da suka sauko, Menna tana tsaye a bakin ƙofa da wuƙar fere a hannu. Ta kalli Nel, ta kalle shi. Ya wuce ta ya nufi ɗakin ciyawa, ya kwance Mot daga sarƙa.

“Emrys,” ta ce.

“Shigar da ita ciki. Ta jiƙe.”

“Ka yi tunani dai.”

“Tun jiya nake yi. Na gaji.”

Mot ya yi gaba da gudu, ya dawo, ya zagaye shi, ya sake yin gaba. Sau biyu ya kai katanga ya dawo kafin Emrys ya kai rabin gona. A bakin ramin waje Emrys ya ce masa kwanta. Ya kwanta, kamar uwarsa, idonsa a kan maigida.

Ƙarar bindigar ta bugi tsauni ta dawo, ta gangara kwari. Hankaki suka tashi daga bishiyar ƙaya. Emrys ya zare abin wuyan, ya rufe ramin, ya jera duwatsu a kai. Manyan da ya kamata ya ɗora sun fi ƙarfinsa, sai ya tara matsakaita da yawa.

Da la'asar ya taka zuwa Pant. Ya so ya rataye abin wuyan ya juyo ba wanda ya gan shi, amma ya tarar da Tegid a bakin shingen yana gyaran katangar da ta zube.

“Na ji ɗazu, Baba,” in ji Tegid, ya cire hula. “Sannu. Nel ta yi aiki a kwarin nan, kowa ya shaida. Ba za a...”

Sai idonsa ya faɗa kan ƙyauren. Abin wuyan Nel tsohuwar fata ce da ta tsattsage, duk kwarin an san shi. Wanda Emrys ya rataya a kan ƙyauren sabo ne, ƙarfensa yana ƙyalli.

“Wannan ba na Nel ba ne.”

“A'a.”

“Haba, Baba!” Tegid ya jefar da dutsen da ke hannunsa. “Haba! Me ka yi haka?”

“Abin da aka saba.”

“Wa ya tambaye ka shi? Kana tsammani Gwenno ba ta san Mot ba? Tun daga bakin rafi ta gane shi. Zama muka yi ni da ita, muka ce tsohon nan in ya rasa karen nan ya rasa gona. Na zo har kicin ɗinka na ce maka tsohon kare. Na tambaye ka Nel. Me kake so in ƙara, in rubuta maka a bango? Na buɗe maka hanya, ka ƙi bi!”

Emrys ya dafa ƙyauren. Sai yanzu ya ji nauyin tafiyar a ƙafafunsa. Ashe ba ma yaudarar kowa zai yi ba. Kyauta aka kawo masa har gida, a nannaɗe, shi kuma ya yi wuni biyu yana kokawa da ita.

“Na gode,” ya ce. “Har ga Allah na gode. Amma gaya mini, ɗana. Ranar hawa, in na tura shi kwazazzabon baya cikin tumakinka, da hankalinka zai kwanta?”

“Da na sa ido.”

“Da wane idon? Naka yana hango bayan doro?”

Tegid ya ɗaga kai ya kalli doron tsaunin. Ya sunkuya ya ɗauki dutsen da ya jefar, ya jujjuya shi, ya rasa inda zai sa shi.

“Yanzu wa zai share kwazazzabon?” ya ce a ƙarshe, da ɗan fushi.

“Kai mana. Cikin nan naka ya ragu.”

Tegid ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya zare abin wuyan daga ƙyaure ya sa a aljihu. “Shigo ka sha shayi.”

“Wani jiƙon. Gwaggonka tana jira, kuma ba da shayi ba.”

Ranar gangaro da tumaki gari ya waye da yayyafi. Mutanen kwari suka taru a ƙofar shingen sama, kowa da sandarsa da karensa. Suka gaishe da Emrys kamar kullum, suka tsokane shi a kan hularsa, ba wanda ya tambayi Mot. Da suka wuce ta gefen katanga, kowa ya ga tarin duwatsun, kowa ya kau da kai. Aka raba wurare. Da aka zo kansa, dattijon da ke rabon ya ɗan yi tari ya ce, “Emrys, bana ka riƙe mana ƙofa. Ana bukatar mai ido a nan.”

Ya san ma'anar riƙon ƙofa. Shi ma ya taɓa faɗa wa wasu tsofaffin haka, da irin wannan tarin.

Ya tsaya a nan, Nel a gefensa, har rana ta yi tsaka. Yana jin fito daga nesa, wannan na wane ne, wancan na wane. Can tumaki suka fara ɓullowa daga cikin gajimare, layi-layi, suka haɗu suka zama kogi guda mai gangarowa, kuka ya cika kwari. Masu jan fenti suna ciki, wata karyar Tegid ce ke kora su, ita ma 'yar Nel ce daga wata haihuwar. Da garken ya matso, wasu suka so su fanɗare ta gefen katanga. Nel ta miƙe da kanta, ta yi taku kaɗan, ta lafe ta kafa musu ido. Suka yi turus, suka juya suka shige ƙofa. Ta dawo ta kwanta tana haki, kamar ta hau tsaunin ta sauko.

Bayan an gama ware na kowa, Emrys ya sami Tegid yana wanke hannu a kwamin ruwa.

“In raguna sun gama da su, ka zo mu yi magana a kan tumakin nan,” ya ce. “Sun san tsaunin, ba sa son a kai su wani wuri. Gara su zauna a hannun wanda zai iya hawa.”

“Ba yau ba, Baba.”

“Ban ce yau ba.”

A gida Menna ta ajiye masa romon rago da dankali a kan murhu. Tun ranar ba ta ce masa ya yi daidai ba, ba ta kuma ce ya yi kuskure ba. Shi ma bai sani ba. Wani lokaci yakan ga kamar don Nel ya yi, don kada ta kwanta a bayan katanga da laifin da ba nata ba. Wani lokaci kuma yakan ga ba komai ba ne illa lissafin makiyayi: karen ya riga ya lalace, sai ya zubar da shi. Da Mot zai amintu a bayan doro, da wa ke kwance ƙarƙashin duwatsun nan yanzu? Ya tambayi kansa, bai ji daɗin shirun da ya biyo baya ba.

“Ka bar rami a buɗe a gindin bishiya,” in ji Menna, tana yanka burodi. “Tunkiya za ta faɗa ta karye. Ka je ka cike shi.”

Da ya gama cin abinci ya fita. Bai ɗauki shebur ba. Ya jawo wani tsohon fallen kwano daga bayan ɗakin ciyawa, ya ja shi har gonar sama yana hutawa a hanya. Ya rufe bakin ramin da shi, ya danne kusurwoyin da duwatsu don kada iska ta ɗauke. Kafin ranar Nel ta zo, sanyi zai daskarar da ƙasa, haƙa zai yi wuya, ga wannan kuwa an riga an haƙa, kuma a inda ya dace.

Nel ta biyo shi har rabin gona ta kasa. Ya tarar da ita zaune a cikin ciyawa tana jiransa, suka gangara tare a hankali.